2.1 Ma'anar Tauhidi a Ƙasar Zamfara Kafin Jihadi

Tauhidi kalma ce ta Larabci da ke nufin kaɗaita Allah. Idan aka dubi tarihin yankin Zurmi, Ƙauran Namoda da Shinkafi, za a ga cewa mutanen wancan zamani ba su musanta samuwar Allah Mahalicci ba. Matsalar ita ce, wasu na salla, kuma suna yanka wa iskoki dabbobi a gindin tsamiya don neman ruwa ko haihuwa. Wannan haɗin gambiza shi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kira shirka, lokacin da ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadin 1804. Saboda haka, tauhidi a nan ya ƙunshi keɓe bauta ga Allah kaɗai.