Daga Enugu 1974 zuwa takardun neman taimako: tarihin tiyatar bawul ɗin zuciya a Najeriya

Kusan kowane mako sai an turo hoton wani yaro ko wata matashiya a WhatsApp, da takardar asibiti da lambar akawun, ana neman miliyoyi don a canza bawul ɗin zuciya. Mukan tura abin da ya sawwaƙa mu wuce. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗaukar aikin kamar sabon abu, alhali ya haura shekara 50 a ƙasar nan.

A watan Fabrairun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Enugu. Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar da ke aiki a Ingila, ya zo ya haɗu da su Farfesa Fabian Udekwu. A lokacin shekara 14 kacal ke nan da fara sa wa mutum bawul na ƙarfe a Amurka, wato 1960. Ba mu makara ba. Amma daga 1974 zuwa 2000 tiyata 102 aka yi a Enugu. Ku raba da kanku, kusan huɗu a shekara. A yi aiki, kayan aiki su ƙare ko inji ya lalace, a dakata, a jira tawagar baƙi. Shi kuwa aikin zuciya da yawan yi hannu ke faɗawa; likita da nas da mai kula da injin da ke riƙe jini, in wata uku suka yi ba su shiga ɗakin tiyata ba, majinyaci ne zai ji a jikinsa.

Maganar kuɗi fa? Likitocin asibitin koyarwa na jihar Legas sun fitar da lissafi a 2013: tsakanin dala dubu 6 da dubu 11, gwargwadon aikin. Bawul ɗin, zaren ɗinki, robobin injin, duk daga waje ake sayo su da dala. A canjin 2024, dala dubu 6 ta kai naira miliyan 9. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 sai ya tara na shekara goma da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba. Mu ma'aikata da ake yankar mana kuɗin inshora duk wata mun san inda ƙarfinta ya tsaya, balle mai sayar da kayan miya a kasuwar Tudun Wada. An sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, amma har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita.

Kowa ya san labarin Kanu Nwankwo. An gano matsalar bawul ɗinsa a 1996, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya buga wa Arsenal, ya kafa gidauniyarsa a 2000. Madalla. Sai dai yawancin yaranmu nasu ciwon daga maƙogwaro yake farawa. Wata ƙwayar cuta ce ke kama yaro, a ce belu ne a kira wanzami, ko a sayo rabin magani a kemis. Bayan makonni gaɓoɓi su kumbura, a ce sanyi ne. A hankali jiki ya juya yana yaƙar bawul ɗin kansa, sai bayan shekaru a ga yarinya tana haki, sau da yawa a cikinta na fari. Ciwon nan na kashe kimanin mutum dubu 300 a duniya duk shekara. Abin da ke tare shi allurar fenisilin ce, duk mako uku ko huɗu, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Bayan tiyata ma da sauran rina a kaba. Mai bawul na ƙarfe zai sha maganin tsinka jini, wafarin, har ƙarshen ransa, da gwajin jini a kai a kai. Ya yi kaɗan jini ya daskare a bawul, shanyewar ɓarin jiki. Ya yi yawa, zubar jini. Ga mace, maganin na iya illata ɗan da ke ciki. Na naman dabba ba ya buƙatar wannan, amma yakan lalace cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ya fi saurin gajiya, sai a sake neman wasu miliyoyin. Asibitin Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartoum a 2007 ya gane wannan: tiyata kyauta, sannan a ci gaba da bibiyar majinyaci da magani. Yaƙin Sudan na 2023 ya sa hanyar can ta yi wuya.

Mu 'yan Gyallesu tsohon asibitin Tudun Wada a bakin ƙofarmu yake, kafin a koma Shika a 2005. A Zariyar nan Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa suka yi binciken ciwon zuciyar masu jego a shekarun 1970, na kunun kanwa da wankan ruwan zafi, wanda likitocin duniya ke ambato har gobe. Da lura da rubuta abin da aka gani aka yi shi.

Shi nake so jihar Kaduna ta maimaita: rajistar duk yaron da aka gano yana da wannan ciwo, fenisilin da ba ya yankewa a asibitin unguwa, da gwajin jinin masu bawul a cikin inshorar KADCHMA. Masu tura takardar neman taimako kuma, ku riƙa tambaya wa zai sayi wafarin ɗin wata na bakwai.