Gano Lalacewar Akwatin Wutar Kwamfutar Tebur: Iyakar Gwajin Koriyar Waya

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da masu gyara suke bi wajen gano ko akwatin wutar kwamfutar tebur, wanda ake taƙaita sunansa da PSU, ya fara lalacewa, ta kuma nuna cewa gwajin da aka fi dogara da shi ba ya bambance lafiyayyen akwati da wanda ya kama hanyar mutuwa. Aikin akwatin shi ne ya karɓi wutar gari, wadda a ƙa'ida bolt 230 ce a Nijeriya, ya sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 masu tafiya daidai ba hawa ba sauka. A tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, rawayar waya ce ke ɗaukar bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan goro bolt 3.3, baƙaƙen kuma su ne na ƙasa.

Akwatin da ya mutu murus ba ya wahalar da mai gyara. Idan aka zare babban fulogi mai ƙafa 24 daga babban allon kwamfutar, aka haɗa koriyar waya da ɗaya daga cikin baƙaƙen da guntun ƙarfe, akwatin zai ɗauka an danna makunni ne, fankarsa ta juya. Sai dai abin da wannan ya tabbatar bai wuce cewa akwatin yana iya tashi ba tare da ya ɗauki nauyin komai ba, wanda kuwa kafasitocinsa, wato ƙananan ma'ajin wutar da ke cikinsa, suka gaji yakan ci wannan jarrabawa cikin sauƙi. Haka kuma wasu sababbin akwatuna ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi, don haka tsayuwar fankar ma ba hujja ba ce.

Awo da mita ya fi wannan inganci, muddin an yi shi kwamfutar tana kunne tana aiki mai nauyi, ana tura tsinken mitar ta bayan fulogin. Ƙa'idar ATX da aka daɗe ana bi ta yarda da sauyin kashi 5 cikin 100, wato layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.40 da 12.60, na bolt 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Alƙaluman da manhajoji ke nunawa a fuskar kwamfuta ba su kai mitar hannu aminci ba, domin daga ma'aunin babban allon suke fitowa.

Ita ma mitar tana da makantarta, kuma nan ne asalin matsalar take. Kafasita ƙaramin ma'ajin wuta ne mai ruwan sinadari a ciki, wanda ke shafe 'yar rawar da ke saura a jikin wutar bayan an sauke ta. Ƙa'idar ta taƙaita wannan rawa ga milibolt 120 a layin bolt 12 da milibolt 50 a layukan bolt 5 da 3.3. Idan ruwan ya fara bushewa sai rawar ta wuce iyaka, amma mita, da yake matsakaicin ƙarfin wuta take nunawa, za ta ci gaba da rubuta 12, kwamfutar kuwa tana daskarewa ko tana mutuwa da kanta. Osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a gilashi, ita ce ke nuna abin sarai. Injiniyoyi suna lissafin cewa kowane ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar irin wannan kafasita, abin da ya sa zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, suke tsufar da akwatin da wuri. Kumburin kan kafasita shaida ce bayyananniya, ko da yake da yawa sukan bushe ba su kumbura ba.

Akwai kuma waya mai ruwan toka, wadda ke sanar da babban allo cewa wuta ta daidaita, kuma a ƙa'idar da aka daɗe ana bi dole saƙonta ya iso tsakanin milisakan 100 zuwa 500 bayan layukan wutar sun kai ƙarfinsu. Saƙon da ya makara yana iya sa kwamfuta ta ƙi tashi sai an danna makunni sau biyu ko uku. An kuma daɗe ana buƙatar akwatin ya riƙe wuta na kusan milisakan 16 idan wutar gari ta yi ƙyaftawa, don haka kwamfutar da ke sake tashi duk sanda firji ya kama, alhali maƙwabciyarta ba ta motsa ba, abar zargi ce.

Tun da waɗannan alamu suna kama da na lalacewar RAM da na zafin furosesa, kuma osiloskof ba kowane shago ke da shi ba, hukuncin da ya fi inganci shi ne a sanya wani akwatin da aka tabbatar da lafiyarsa, a maimaita aikin da ke kawo matsalar. Kafin haka ya kamata a duba jan maɓallin 115 da 230 da ke bayan tsofaffin kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka, domin wanda aka bari a 115 nan take yake ƙonewa. Buɗe akwatin kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne, saboda babban kafasitan ciki yakan riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare fulogi daga bango.