Tsiron Fasifulora da Dajin Kudancin Kaduna

A shekarar 1753 ne masanin tsirrai Linnaeus, mutumin Suwidin, ya tabbatar wa wani dangin tsirrai masu yaɗo sunan Passiflora. Irinsu ya haura ɗari biyar, akasarinsu kuwa daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka suke. Turawan mishan na Sifen su ne mafarin sunan, domin sun kwatanta sassan furen da labarin gicciye Annabi Isa kamar yadda Kirista suka yi imani: zaren da ya kewaye tsakiyarsa kambin ƙaya, kawuna ukun da ke samansa kuma ƙusoshi.

Waɗansu daga cikin dangin ba a samunsu sai a 'yan dazuzzuka ƙalilan na duwatsun Kolambiya, in an sare dajin sun tafi ke nan. Amma ɗaya, Passiflora foetida, ya ƙetare teku ya bazu har Nijeriya, yana fitowa a gefen hanya da saura. Ganyensa na da wari in an murje shi. Wata raga mai danƙo tana lulluɓe ɗansa, tana kama ƙananan ƙwari. Ɗan in ya nuna akan sha, amma ɗanyensa da ganyen suna da guba. Afirka ma tana da nata ɗan dangin, wato Adenia, wanda shi ma da yawa cikin irinsa masu guba ne.

Rarrabe mai guba da marar guba ilmi ne na manoma da mafarauta da masu magani. Likita Dalziel ya tattara wani sashe nasa cikin ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa da ya buga a 1916. Shekara guda bayan haka, a 1917, hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna. Tashar jirgin ƙasa ta kafu a kudancin kogi, masaƙar Kakuri ta buɗe a 1957, sa'an nan gidaje suka yi ta cin daji daga Makera da Barnawa har Sabon Tasha.

Baƙon tsiro mai son kangon fili ba ya jin tsoron wannan canji. Ɗan ƙasa mai bukatar kurmi shi ke ɓacewa, sunansa kuma ya bi shi. Saboda haka ya wajaba ɗalibi ya tambayi dattawa ya rubuta, jami'in filaye kuma ya san abin da ke tsire a fili kafin ya sa hannu a yanka shi.