Shayin Kenya: tarihinsa da dokokin da ke tafiyar da shi

Mu nan Nijar ba a raba mu da shayi. Sai dai koren ganyen da muke dafawa a buta galibi daga Cana yake zuwa. Baƙin ganye kuwa, irin wanda mai shayi ke haɗawa da madara, Kenya ce kan gaba wajen fitar da shi a Afirka. Tarihin wannan noma, in muka duba, gardama ce guda: nawa ne rabon ƙaramin manomi?

An fara dasa shayi a Kenya a 1903, a garin Limuru, zamanin mulkin Turawan Ingila. A 1924 aka soma noma shi don kasuwa, kamfanin Brooke Bond ya buɗe manyan gonaki a Kericho, yankin tuddai mai sanyi da yawan ruwan sama. A lokacin an hana ƴan ƙasa noma shi, nasu dai ƙwadago ne a gonakin Turawa. A 1950 aka kafa Hukumar Shayi ta Kenya, sai kuma tsarin Swynnerton na 1954 ya buɗe wa baƙar fata ƙofa.

Bayan samun ƴancin kai a 1963, gwamnati ta kafa KTDA a 1964. Aikinta shi ne ba manoma dashe, karɓar ɗanyen ganye, sarrafa shi a masana'anta da kuma sayarwa. A 2000 aka mayar da ita kamfani mallakar manoma. Yau ƙananan manoma sama da 600,000 ne ke ƙarƙashinta, kuma su ke samar da fiye da rabin shayin ƙasar.

To, yaya ake cinikin? Mai tsinka yana cire ganye biyu da toho ɗaya, a auna a kilo, a gaggauta kai shi masana'anta kafin ya lalace. Daga nan sai kasuwar gwanjo ta Mombasa, wadda aka maido daga Nairobi a 1969. Pakistan da Masar ne manyan masu saye. Manomi yana karɓar wani abu kowane wata, sauran kuma sai ƙarshen shekara.

Nan fa ake samun rikicin. Manoma sun daɗe suna kukan cewa dillalai da masu kula da masana'antu ke kwashe romon. A Disamban 2020 shugaba Uhuru Kenyatta ya sa hannu kan sabuwar dokar shayi. Ta maido da Hukumar Shayi, wadda aka narkar cikin hukumar noma bayan dokokin 2013. Ta kuma wajabta a biya manomi aƙalla rabin kuɗinsa cikin kwana 30 da shigowar kuɗin ciniki. Wasu sassan dokar sun sha ƙara a kotu.

A 2021 gwamnati ta yanke farashin da ba a sauka ƙasa da shi, wato dala 2.43 kowane kilo na shayin KTDA. Masu saye suka ja baya, kaya suka taru a rumbunan Mombasa, har aka janye matakin a 2024. Doka ta iya tsara biyan manomi, amma ba ta iya tilasta wa ɗan kasuwar Karachi ya saya ba.