Kashi 80 a takarda: tarihin kuɗin jinyar ma'aikacin gwamnati a Nijar

Manyanmu a Mayahi har yau suna ba da labarin zamanin da ake shiga likita a fito da magani ba a biya ko dala ba. Hakan ya faru a shekarun da suka biyo bayan samun ƴancin kai a 1960, sai dai gidajen likitan kaɗan ne, kuma da kuɗin yuraniyom suka ja baya a shekarun 1980, kyautar ta zama takardar magani kawai, mutum ya je ya nema da kansa.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wato marar lafiya ya biya wani abu don kada magani ya yanke. Nijar ta gwada tsarin a 1993 a Boboye da Say, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, sannan dokar 1995 ta shimfiɗa biyan kuɗi a duk ƙasa.

Ma'aikacin gwamnati an bar masa wata kariya: idan an kwantar da shi a asibitin gwamnati, baitulmali na ɗaukar kashi 80 cikin ɗari, shi ya cika 20. A ganina a nan ne aka fi ruɗar mu. Wannan ba inshora ba ce, alkawari ne da ya rataya a kan ko akwai kuɗi a baitulmali. Sai an nemi takardar ɗaukar nauyi, ciwo kuwa ba ya jiran sa hannu. Maganin da za a saya a kanti daga aljihu yake fita, haka ma kuɗin mota daga ƙauye zuwa Mayahi ko Tasawa, balle in an ce a wuce Maraɗi, ga abincin mai jinya. Ita kuwa CNSS ta ma'aikatan kamfanoni ce, kuma aikinta fansho da haɗarin aiki da kuɗin iyali.

Mu malamai abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Daga 1998 aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka koma ƴan kwantiragi, har suka fi yawa a makarantun firamare. Ɗan kwantiragi ba cikakken ma'aikaci ba ne, don haka malamai biyu na iya koyarwa a azuzuwa masu maƙwabtaka, ɗaya yana da kashi 80 ɗin, ɗaya ba shi da komai sai karo-karon abokan aiki.

An samu sauƙi daga wata ƙofar. A mulkin Tanja Mamadu, tsakanin 2005 da 2006, aka mai da tiyatar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake jinkirin biyan asibitoci ya sha barin su ba magani. A 2024 kuma gwamnatin Janar Tiani ta rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati.

Ƙofar da ba mu shiga sosai ba ita ce dokar 2008 da ta tsara ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya. Adashi mun iya shi, amma adashi zagayowa yake yi ko kana lafiya ko ba ka lafiya. Asusun lafiya kuwa kowa na zubawa duk wata, wanda ciwo ya kama shi ake biya wa, kuma doka ba ta tambaya ko malamin cikakke ne ko ɗan kwantiragi.