Chappal Waddi: Dutse mafi tsawo a Najeriya

Dutsen Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, yana jihar Taraba ne, a kan iyakar Najeriya da Kamaru.

Tsawonsa ya kai mita 2,419, abin da ya sa ya zarce kowane dutse a ƙasar.

Dutsen dai yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000.

Babu hanyar mota zuwa ƙololuwarsa. Matafiya kan nemi izini daga hedkwatar gandun da ke Serti, sannan su shafe kwanaki suna tafiya a ƙasa tare da jagora da 'yan dako, suna kwana a tanti.

Hawan ba ya bukatar igiya, sai dai juriya da kayan sanyi, musamman ga wanda ya saba da zafin wurare irin su Gwandu da Kalgo.

An fi yin tafiyar da rani, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna kan cika.

A saman dutsen akwai fili mai yalwar ciyawa, inda Fulani makiyaya ke kai shanunsu.

Sai dai yawan kiwo da cinna wa daji wuta na barazana ga kurmin da ke kewaye, wanda daga cikinsa ne ruwa ke gangarawa zuwa kogin Taraba, daga nan kuma ya faɗa Binuwai.