Salo

salo (suna, namiji, jam'i: salailai). A fannin kwamfuta: ƙa'idojin da ke tsara kamannin maɓalli, akwatin rubutu da sauran kayan fuskar manhaja, kamar launi, irin haruffa da kaurin gefe, ba tare da an taɓa aikinsu ba. A Tk 8.5, kayan aikin gina fuskar manhaja na shekarar 2007, in aka gyara salon maɓalli mai suna TButton sau ɗaya, duk maɓallan da ke binsa sun sauya ke nan. Sai dai a Windows da macOS, inda tsarin kwamfutar ke zana maɓallin da kansa, launin da aka zaɓa kan ƙi kamawa, shi ya sa masu shirya manhaja kan koma tarin salailan Tk da ake kira jigon clam. Takwarorin Tk kuwa, wato Qt da GTK 3, tafarkin CSS na shafukan intanet suka bi wajen tsara salo. Misali: "Malam, a sauya salon nan, haruffan sun cika ƙanƙanta."